Rawar Hannun Marka

Duk amaryar da ta fita daga gidan Malam Sanda na Gozaki, da alkakin matarsa Marka aka kai mata gara. Bana kuwa, da aka zo auren Jamila, autar jikokinta, hannun tsohuwar ya riga ya fara rawa. Ko ludayin koko ba ya isa bakinta a cike. Ba wanda ya hana ta aiki. Tabarma kawai aka shimfiɗa mata a inuwar rumbu, kowa ya wuce ya ce sannu. Sannun nan ta fi komai yi mata ciwo, don gani take za a kai garar nan babu hannunta a ciki.

Zakiyya, yayar amarya, ita ta karɓi aikin. Ta zo daga Funtua da abin da ta kira kek ɗin cuku: cukun kanti mai laushi, ƙwai, sukari da kindirmo. Ta zuba babba a faranti mai zurfi, ƙanana a gwangwanayen madara, ta jera su kan yashi mai zafi cikin tukwane, ta rufe.

Da ƙamshi ya tashi, Marka ta lallaɓo, ta zari tsinken tsintsiya kamar yadda kowa ya sani, ta caka wa babban. Tsinke ya fito jiƙe.

"Ɗanye ne sharaf. Ƙara gawayi."

"Kai, Kaka! Wannan ba ya jin tsinke. In ya fito a bushe, an riga an wuce wuri, sai ki ga kek ya tsage kamar fadama da rani. Girgiza shi ake yi. Gefe ya tsaya, tsakiya ta ɗan motsa."

"To girgiza mana, uwar iyawa."

Zakiyya ta sa tsumma ta ɗaga farantin, ta jijjiga. Duk ya kaɗa gaba ɗaya. Ta sake a hankali, bai nuna komai ba. Ta yi tsaki. Ba ta saba da gashin yashi ba, ga shi cukun ya ƙare, babu na sake yin wani.

"Miƙo nan," in ji Marka.

Zakiyya ta dubi hannun, ta dubi fuskar kakarta. Sai ta miƙa, ba ta ko tallafa ba.

Hannun ya kama rawarsa ta kullum, 'yar ƙarama, ba ƙari ba ragi. Gefen kek ya tsaya cik. Tsakiyarsa kaɗai, kamar faɗin bakin ludayi, ke karkarwa.

"Kindirmon da ya kwana ke nan," Marka ta ce a hankali. "In ya huce zai kama jikinsa."

"Wallahi shi ne! Kaka, kar ki motsa. A'a, ci gaba da motsin!"

Dariya ta ƙwace wa tsohuwar har farantin ya nemi faɗuwa.

Ƙananan ba su da tsakiyar kirki, ba kuma tare suka nuna ba. Zakiyya na miƙo su ɗaya ɗaya. Wanda samansa ya daina sheƙi, ya ɗan yi ɗar ya tsaya, Marka ta aje gefe. Wanda ya kaɗa kamar kunu, ta mayar kan yashi.

Hansai maƙwabciya ta shigo, ta ga tsohuwa a bakin murhu.

"Sannu, Inna, ki koma inuwa mana."

"Matsa min daga haske," in ji Marka. "Garar jikata nake yi."