Suna a Jelar Jirgi

Auta na ƙara baƙin hayaƙi a gefen injin jirgin, Yaya ya leƙo daga ƙofar shago.

"Ba ki gama ba? Ga su can sun fara taruwa."

"Saura kaɗan, Yaya."

A ɗakin ajiya na bayan shagonsa na wasan kwamfuta take aiki, tsakanin kwalaye da matattun fankoki. Tsohuwar kwamfutar da ya bar mata ba ta iya ɗaukar wasan jiragen yaƙin, sai dai manhajar zane ta kyauta. A nan jirgi ba ya kama da jirgi. Baje yake gunduwa-gunduwa kamar yadin da aka yanka ba a ɗinka ba, fiffike nan, ciki can. Ita ke fente su, ta sa tsatsa da ƙusoshi, Yaya ya kwasa ya loda a babbar na'urar shago. 'Yan ƙungiyarsa su yi ta cewa hannunsa na da albarka, shi kuwa ya yi ta murmushi.

Ta sha roƙonsa ya bari ta ga aikinta a cikin wasan ko sau ɗaya.

"Cikin maza? Ki bari tukuna."

Ba wani abu take nema ba, so take a san ita ce. Bakinta ba zai iya faɗa ba, shi ya sa wannan karon ta rubuta AUTA da farin fenti a kan jelar jirgin. Yaya ya karɓa a gurguje bai duba ba.

Ta tsaya bayan labule, ta buɗe shi kaɗan. Jirgin ya fito a babban allo, kore shar, ciki ruwan toka. Yau ta fara ganinsa a haɗe. 

"Kai, Kyaftin, ka iya!" in ji Dogo, mai gyaran babur, yana dafa kafaɗar Yaya. "Dubi tsatsar nan, kamar ka taɓa ta goge a hannu. Juyo mana shi."

Yaya ya juyo jirgin ta dama. Dogo ya matso da fuskarsa.

"A, T, U, A. Atua? Jirgin mura yake yi?"

"Atua!" wani ya yi atishawar ƙarya. Aka kwashe da dariya har da dukan tebur.

Nan take Auta ta gane. Gunduwar jela guda ɗaya ce a zanen, wasan ne ke manna ta hagu, ya kifa ta dama kamar a madubi. Da ta taɓa ganin jirgi ɗaya a haɗe, da ta sani.

Dogo ya ce, "Kyaftin, da wannan za mu shiga gasar Asabar? A ce ƙungiyar masu atishawa ta iso?"

Yaya ya goge wuya da tafin hannu. "Ku yi haƙuri, ba ni na yi ba. Ƙanwata ce. Kun san ba ta yi nisa a makaranta ba."

"Au, ka ce yarinya ka ba wa ta yi wasa," in ji Dogo. "Shi ya sa. Sauran jiragen ai ba mu taɓa ganin haka ba."

Yaya ya mai da idonsa kan allo.

Ta saki labulen. Ga shi dai ya faɗa a gaban kowa cewa ita ce.

Can ya shigo, ya ajiye mata lemon kwalba a kan kwali, bai dube ta ba.

"Ki gyara min kafin Asabar, kin ji, Autar Mama?"

"To, Yaya."

Ta buɗe zanen, ta jawo jelar kusa. Tana iya ware gefen dama ta rubuta masa nasa daidai, yanzu ta ga yadda za a yi. Ta daɗe tana kallon farin rubutun. Sannan ta ɗebo kore, ta shafe shi. Shafa ɗaya ta isa, hagu da dama duk suka tafi.