Sumayya Ta Zo Ta Ɗaya

Duk wanda ya san Turai mai awara a Dutsin-Ma ya san abu biyu game da ita: yajinta ba ya wasa, kuma 'yarta Sumayya ce ke zuwa ta ɗaya a aji. Na farkon sai ka saya za ka sani. Na biyun kuwa kyauta ake ba ka, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Tun Sumayya na da shekara huɗu aka fara maganar. Mijin Turai, Malam Audi, manomi ne mai gona a wajen Makera. Ya ce a bari yarinya ta ƙara tasawa, a kai ta firamaren gwamnati da ke bayan gidansu. Turai ta ce atafau.

"Malam, ka taɓa leƙa ajin nan kuwa? Yara sun fi ɗari, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Malamin ko sunayensu bai sani ba."

"To ai ni ma can na yi, ga shi kuma ina karanta saƙo a waya."

"Araha ba ta ado, Malam."

Malam Audi ya ce shi dai ƙarfinsa bai kai makarantar kuɗi ba, abin da gona ta bayar na ci ne. Turai ta ce ta ji ta gani, ita za ta ɗauka.

Ba haka kawai ta yi wannan ƙarfin hali ba. Mai makarantar, Hajiya Saudatu, aminiyarta ce tun suna 'yan mata a Kurfi. Tare suka yi ɗiban ruwa, tare suka sha bulalar malamin Islamiyya, kuma ita ce babbar ƙawa ranar auren Turai. Da ta buɗe makaranta a Dutsin-Ma, mai shuɗin fenti da lilo biyu a tsakar fili, da ƙafarta ta zo har gaban kaskon awara.

"Ki kawo min ita, Turai. Ai 'yata ce. Ki zuba ido ki ga aiki."

Ko sisi ba ta rage mata ba, Turai kuma ba ta nema ba. A ganinta zumunci daban, sana'a daban.

Kai, makarantar kuɗi akwai ci! Ba a gama da kuɗin zango ba sai a ce yunifom kala biyu, har da na wasannin ranar Laraba. Littattafai kuma a makarantar kaɗai ake sayarwa. Ga kwandon abinci kullum, ga walimar ƙarshen shekara. Akuyoyi uku da mahaifiyar Turai ta ba ta, ɗaya bayan ɗaya suka bi hanyar kasuwa. Ta daina yin ankon biki. Ta ƙara tuyar safe a kan ta yamma, har hayaƙi ya mayar mata da idanu jajaye. Amma ba ta taɓa yin tsaki ba, don tana ganin abin da take saye.

Ko dai a ce tana jin sa. Turai ba ta yi boko ba. A inda ta yi karatu, yaron da ya biya allonsa tiryan-tiryan ba gargada, ya iya ke nan. To Sumayya kan buɗe littafinta da yamma ta yi ta zuba Turanci kamar an kunna rediyo, tana juya shafi, tana kaɗa kai. Me ya rage? Sannan ga takardar sakamako. Rubutun ciki duk duhu ne ga Turai, amma mai sana'a ba ta jahilci lamba ba. Akwai wani ɗan gida a sama ta hannun dama, shi kaɗai take dubawa, kuma zango bayan zango lamba ɗaya take gani a ciki. Da bakinta ta jawo gida biyar na unguwa suka kai 'ya'yansu.

Ana nan, Sumayya ta gama aji biyu tana da shekara takwas. Cikin dogon hutun damina ƙanwar Turai ta haihu a Kurfi, aka tafi suna. Turai ta saka takardar sakamako a jaka, kamar yadda wata za ta saka turare.

Bayan azahar mata sun cika rumfa, ana cin waina ana hira. Sai wata Rekiya, ita ma daga Dutsin-Ma, dangin mijin mai jego, ta ce ɗanta Misbahu ya sake zuwa na ɗaya a makarantar Hajiya Saudatu.

"Masha Allah," in ji Turai. "Aji nawa yake?"

"Aji biyu ya gama."

Turai ta yi dariya har da tafa hannu. "A'a, baiwar Allah, sake dai dubawa. Aji biyu ai guda ɗaya ne a makarantar, kuma tawa ce ta ɗaya."

"To, sai dai in taki ce ta biyu."

Tabɗijam! Nan take jaka ta buɗe. Ashe Rekiya ma irin Turai ce, hoton takardar na cikin wayarta. Aka haɗa, mata suka yi caa a kai. Aji ɗaya, zango ɗaya, sa hannu ɗaya, kuma lamba ɗaya a nan, lamba ɗaya a can. Wata tsohuwa ta ce, "Oh ni, yau ga ajin da babu na biyu." Rumfa ta kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba: Malama Nana Fatima, ƙanwar Malam Audi, wadda ke koyarwa a firamaren gwamnati a nan Kurfi. Shekara huɗu tana haɗiye habaicin Turai a kan makarantar talakawa. Ba ta rama ba. Ta ja Turai da Sumayya zuwa ɗakin mai jego, ta rufe ƙofa. Ta yagi bayan kwalin sabulun barka, ta yi rubutu da manyan baƙaƙe, ta miƙa wa yarinyar.

"Sumayya, karanta min wannan."

Sumayya ta duba. Ta dubi uwarta. Sai ta gyara tsayuwa, ta haɗe ƙafafu, ta fara rero shafin farko na littafinta, da irin muryar nan mai daɗi da Turai ta saba ji kowace yamma.

"Ya isa, 'yar albarka," in ji Malama. "Je ki ki yi wasa."

Da yarinyar ta fita, Turai ta ce, "Me kika rubuta mata? Wata kalma mai wuya kika nemo don ki kunyata ni?"

"Anti Turai, sunanta ne. Sumayya na rubuta."

Turai ta zauna a bakin gadon mai jego. Kunya ta zo, amma ba ta daɗe ba, don abin da ya biyo bayanta ya fi ta zafi. Saude! Saude da ta ce 'yata ce!

Washegari ko gida ba ta biya ba, daga tasha ta wuce gidan Hajiya Saudatu. Ta same ta a falo tana yankan farce. Ko gaisuwar kirki ba a yi ba Turai ta ajiye mata takardar a cinya.

"Saude, mutum nawa ne na ɗaya a ajin Sumayya?"

Hajiya Saudatu ta dubi takardar, ta ajiye rezar. Wallahi da ta yi musu da ya fi wa Turai sauƙi. Ba ta yi ba.

"Zauna mana, Turai. Ke ma mai sana'a ce, za ki gane. Shekarar da na buɗe, gaskiya na rubuta. Na ashirin na rubuta masa na ashirin. Iyaye tara suka kwashe 'ya'yansu a zango guda. Wa zai sayar da akuya a ce masa ɗansa ne na ashirin? Tun daga nan, wanda ya biya da wuri ɗansa na ɗaya, wanda ya makara na biyu ko na uku. Ba ni da na huɗu."

"To malaman me suke yi?"

"'Yan mata ne da suka gama sakandare. Kafin su iya, sun samu inda ya fi sun tafi. In na ɗauko ƙwararru, ke ma ba za ki iya biya ba."

"Amma ni, Saude? Ni? Kullum sai kin wuce ta gaban kaskona. Ba za ki iya tsayawa ki ce min, Turai, 'yarki ba ta gane komai ba?"

"Ke na fi tausaya wa ai. Ina ganin irin hayaƙin da kike sha, sai in zo in karya miki zuciya? Ki kwantar da hankalinki, yaro ne, in ta je sakandare za ta kama."

Har da murmushi ta faɗa. Turai ta dube ta, ta ga da gaske take, a ranta alheri ta yi. Shekara huɗu na yarinya sun tafi, ita kuma tana jiran godiya.

"Kin ci amanata," in ji Turai. "Allah ya isa ban taɓa yi wa kowa ba, ke ma ba zan yi miki ba. Amma kin ci amanata."

Ta fito ta bar takardar a can.

Malam Audi ya saurari labarin har ƙarshe yana gyara ƙotar fartanya. Turai ta so ya yi faɗa, ya ce ai na faɗa miki, ko ta samu wanda za ta yi wa ihu. Sai kawai ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ranar da aka koma sai ki kai ta firamaren bayan gidanmu." Gidaje biyar ɗin nan kuma da ƙafarta Turai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu abin da ta gano. Uku suka yarda, biyu suka ce baƙin ciki take yi wa Hajiya.

Ranar Litinin ɗin komawa ta riƙo hannun Sumayya zuwa firamaren gwamnati. Hedimasta, wani dattijo mai tabarau, ya zaunar da yarinyar ya gwada ta a natse, ya ba ta alli, ya nuna mata baƙaƙe. Bai ɗauki lokaci ba.

"Hajiya, yarinyar nan tana da kai, haddarta ma ta nuna. Amma in na sa ta aji uku na cuce ta. Daga aji ɗaya za ta fara."

Shi da kansa ya raka su. Ajin ya cika maƙil, 'yan ƙanana masu shekara shida sun zazzauna a ƙasa, wasu da majina a hanci. Sumayya ta tsaya a bakin ƙofa. Duk ta fi su tsawo. Ta dubi yaran, ta dubi allon, sannan ta ɗago ta dubi uwarta, idanunta sun cika.

"Inna, ai ni ce ta ɗaya. Laifin me na yi aka mayar da ni baya?"

Turai ta durƙusa a gabanta, a gaban hedimasta da yara sama da ɗari, ta gyara mata hijabi duk da bai karkace ba.

"Ba ki yi laifin komai ba, Sumayya. Ni ce ban iya dubawa ba. Shiga ki zauna."

Yarinyar ta zare hannunta daga na uwarta, ta shiga, ba ta waiwayo ba.