Lallen Bayan Ɗakin Ajuma

Garin Dogon Dutsi ya yi girma bai nemi shawarar ruwa ba. Baƙi suka yi ta zuwa, gidaje suka hau hanyar da ruwan dutse ya saba bi tun kaka da kakanni. Shi kuwa ruwa babu ruwansa da sabon gini, duk damina sai ya shigo unguwa ya ɗauki abin da ya ga dama.

A irin wannan damina ya ci gindin ɗakin Ajuma, mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Tana jego, ko suna ba a yi ba. Bango ya rufto, ita ta fita da karaya a hannu, jaririyar ba ta fita ba. Mijinta Gado da mahaifinsa, tsoho Mani, suka rufe ta a bayan ɗaki kamar yadda ake yi wa jinjirin da bai kai suna ba, babu dutse babu alama. 'Yar fari ce, kuma kowa ya san uwa ba ta kukan 'yar fari a gaban mutane, ba ta ma ambatonta. Ajuma ta haɗiye. Abin da ta iya kawai, ta dasa lalle a wurin, ta raɗa wa yarinyar suna a zuci: Mubaraka.

Shekaru suka shuɗe, lalle ya yi tsayi, sai magajin gari ya zo da shawara. Za a sayar da takardun lamuni ga 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan ci-rani, a gina magudanar ruwa ta siminti, a riƙa biya a hankali daga harajin kasuwa. Amma fa sai jama'a sun yarda ta hanyar ƙuri'a. Mazan majalisar shayi, waɗanda bakinsu ya fi aljihunsu nauyi, suka ce ba za su ci bashi don rami ba.

Ajuma ta kife kaskonta. Ta bi gida-gida, ta shiga taron suna, ta tare mata a bakin famfo.

"Ku hito ku jefa," take cewa. "Ruwan ga ba shi san ɗakin kowa ba."

Babu wadda ta tambaye ta abin da ya sa ta zaƙe haka. Tsofaffin sun sani, sai su sunkuyar da kai. Ranar ƙuri'a layin mata ya kai bakin hanya, shawara ta wuce. Ajuma ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Da rani masu awo suka iso gidan su Ajuma da igiya da jan fenti. Shugabansu, wani matashi mai ladabi da ake kira Abdussalamu, ya durƙusa gaban tsoho Mani, domin Gado yana ci-rani a Kwatano. Maƙwabta suka cika tsakar gida.

"Baba, layi zai bi ta bayan ɗakin nan," in ji shi. "In akwai rijiya ko kabari ku gaya mini, sai mu karkata shi ta lungu. Ba wuya."

Tsufa ya daɗe da cinye tunanin Mani. Ya dubi wurin da shi da kansa ya haƙa, ya girgiza kai.

"Babu komi nan, ɗana. Lallen mata na."

Abdussalamu ya juyo. "Madam, haka ne?"

Kalma ɗaya ce, ga ta a bakin Ajuma. Amma ta yaya za ta ƙaryata surukinta a gaban jama'a? Ta yaya za ta buɗe baki ta ambaci 'yar fari, maza na kallo? Kunyar da aka raine ta da ita ta shaƙe ta. Ta ja gyale ta rufe fuska.

"Hakanan na," ta ce. "Lalle na."

Aka shafa jan fenti a jikin itacen.

Washegari ta ɗaure zuciya ta nufi ofishin magajin gari, ta ce ko a gefe ta raɗa wa Abdussalamu gaskiya. Ta tarar da ofis cike da maza. Aka yi mata maraba, aka ce ga uwar aiki ta zo, aka ba ta kujera. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce gaisuwa ce kawai ta kawo ta, ta fito. Kafin ta iso gida katafila ta riga ta. Lalle na kwance, saiwa a sama, ƙasar wurin kuwa an kwashe ta a mota tare da ta sauran unguwa. Ba ta san inda aka zubar ba, ba ta kuma tambaya ba.

Aka gama magudana kafin damina. Ruwan farko ya sauko da hantsi, mai ƙarfi. Ya gangaro daga dutse da fushinsa, ya faɗa magudana, ya wuce. Ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba. Mata suka fito suna guɗa, Shatu maƙwabciyarta ta rungume ta.

"Ajuma, kin cece mu! Ɗiyanmu za su kwana lahiya saboda ke."

Ajuma ta ce Allah ya tsare gaba. Ta zame jikinta ta zagaya bayan ɗaki, ta tsaya a bakin siminti, daidai inda lalle yake a da. Ta durƙusa. Ruwa na ruri, guɗa na tashi, babu mai jin ta. A nan ne, karon farko tun da ta haifi yarinyar, ta buɗe baki ta kira ta da ƙarfi.

"Mubaraka!"