Motar da Ta Cika Ƙyalli

Mai Takalma ya sayi motarsa ne saboda Inna. Haka ya faɗa wa kowa, kuma gaskiya ya faɗa. Tun da aka yi wa mahaifiyar tasa aikin ido, likita ya ce ta riƙa zuwa ana dubawa, shi kuwa ba ya son ganinta tsaye a bakin titi tana jiran motar haya. Motar ba sabuwa ba ce, amma wanda ya sayar masa ya riƙe ta da kyau, har ya shafe robar gabanta da mai tana ta ƙyalli. Ranar da ya kawo ta gida Inna ta fito ta dafa ta, ta yi doguwar addu'a. Washegari ya kai ta asibiti a kujerar gaba.

Daga wannan tafiya ba ta ƙara shiga ba.

Duk ranar ganin likita sai ta kira Auta, ƙaninsa mai gyaran famfo. Auta yana da wata tsohuwar mota da 'yan unguwa ke kira Kunkuru. Ƙofarta ta gaba ba ta buɗuwa sai an zura hannu ta taga, bayanta cike yake da bututai, dashbod ɗinta kuwa, wato robar nan da ke shimfiɗe a ƙarƙashin gilashin gaba, rana ta tsattsage shi kamar ƙasan tafki da rani. A cikin wannan motar Inna ke zama da jakarta a cinya, su wuce ta ƙofar shagon Mai Takalma tana ɗaga masa hannu.

Wata rana da ya je gaishe ta ya daure ya tambaya.

"Inna, laifin me motata ta yi miki?"

"Wane irin laifi, Babba? Mota sai ka ce ta gidan biki."

"To me ya sa kullum sai Kunkuru?"

"Kai kana da shago. Shi wannan zaman banza ya yi masa yawa, gara in riƙa motsa shi."

"Inna, aiki uku na bari na zo," in ji Auta daga bakin ƙofa.

"To ka ji. Uku kacal."

Mai Takalma ya yi dariya tare da su, amma da abin ya koma gida. Mutum ne da sana'arsa ta koya masa darasi guda: idan mai saye ya kalli takalmi ya wuce, to takalmin bai sha mai ba ne. A sauko da shi, a goge, a mayar. Don haka da ya rasa dalilin Inna sai ya nufi shagon kayan mota ya sayo gwangwanin feshin da ke sa roba ƙyalli, mai ƙamshin lemo.

Kowace safiya kafin ya tafi shago sai ya fesa wa dashbod, ya bi da tsumma. Ya fesa wa robar ƙofofi, da marikin ƙofa, da murfin akwatin gaba. Ɓangaren da Inna za ta zauna shi ya fi shan mai, don a nan ne robar ta fi faɗi, kuma nan ne idonta zai fara sauka. Yana yi yana 'yar waƙarsa. Idan ya gama sai ya ja da baya ya duba, ya sa baƙin tabaraunsa na tuƙi, ya kama hanya.

Matarsa ta kan leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, in ƙuda ya sauka a nan ai sai ya karye."

"Tsabta ce."

"Ni dai kujerar baya ta ishe ni."

Bai taɓa tambayarta dalili ba. Ya ɗauka son zama kusa da yara ne.

Ana haka Kunkuru ta kwanta. Ana jibi ranar ganin likita ta tsaya cak a tsakiyar hanya, aka tura ta gareji, bakanike ya ce sai an nemo wani ƙarfe daga nesa. Mai Takalma bai yi murna da asarar ƙaninsa ba, amma bai yi kuka ba. Ya kira Inna a waya.

"Jibi ni zan kai ki. Zan rufe shago."

Inna ta ce, "Ai idon ya yi sauƙi. A bari sai wani mako, in motar Auta ta tashi."

"Likita ya ce kada ki tsallake ko sau ɗaya."

"Likita ai yaro ne. Sa'an Auta ne."

Wannan magana ta zauna masa a ƙirji. Ashe Inna ta gwammace ta fasa ganin likita da ta shiga motar da ya saya dominta. Ranar ko mai saye ya taya takalmi da rainin wayo, sai ya ce ya ɗauka.

Da safe Auta ya kira shi, yana so a kai shi wani gida da bututu ya fashe, can hanyar asibiti. Mai Takalma ya je ya ɗauko shi da jakar kayan aikinsa. Auta ya zagaya motar yana fito.

"Yaya, ka ba ni in ja mana. Tun da ka saye ta ko sitiyarin ban taɓa ba."

Da wata rana ce da ya hana. Amma ranar jikinsa a sanyaye yake, sai ya miƙa masa makulli.

"Da tabarau," in ji Auta. "Direban babbar mota ba ya tuƙi da ido tsirara."

Ya zare tabaraun daga fuskar yayansa ya maƙala a tasa. Mai Takalma ya zagaya ya zauna a kujerar Inna. Da ya jawo ƙofa sai marikin ya sulluɓe daga hannunsa, sai a karo na biyu ya rufe ta.

Suna hawa babban titi suka fuskanci rana. Mai Takalma ya ɗaga ido ya nemi hanya ya rasa. Hasken ya sauka a kan robar da ya sha wahalar gogewa, ya tashi ya manne a gilashi, fari fat. Abin da yake gani a gabansa hoton dashbod ɗinsa ne, har da ramukan iska, motoci da mutane kuwa sai inuwarsu a baya. Ya runtse ido, hawaye ya taru. Ya zame a kujera ya rage tsawo daidai da na Inna, abin ya ƙara muni. Ga ƙamshin lemo da zafi ya dafa yana fitowa daga ramin iska, kai tsaye zuwa hancinsa.

"Auta, kana ganin hanya?"

"Ras nake gani. Me ya faru, Yaya, kuka kake yi? Ba zan buga maka ita ba."

"Cire tabaraun nan ka duba ta nan ɓangaren."

Auta ya tsaya a gefen titi, ya cire, ya karkato da kansa. Nan da nan ya kare fuska da hannu.

"Wannan ai walda ce. A nan ka zaunar da matar da aka yi wa aikin ido?"

Mai Takalma ya sake duban gilashin. Ya tuna ranar da ya kai ta, yadda ta ja mayafi ta rufe fuska tun daga gida har asibiti. Shi a lokacin ya ɗauka barci take yi saboda daɗin kujera.

"Garin neman gira," in ji Auta, bai ƙarasa ba don dariya ta ci ƙarfinsa.

"Ja mota, mai Kunkuru."

Da yamma ya dawo gida da wuri, ya ajiye motar a inuwa ya buɗe ƙofofin duka don robar ta huce. Ya gaya wa matarsa abin da ya gani. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake an ga maganar ta zo mata har leɓe. Ta shiga ciki ta fito da roba biyu na ruwan ɗumi, ɗaya da ɗigon sabulun wanke-wanke, ɗaya zalla, da tsofaffin rigunan yara masu laushi, da buroshin haƙori da aka daina amfani da shi.

"Matse tsumman sosai," ta ce. "Akwai wayoyi a ƙarƙashi, ba kwano kake wankewa ba."

Suka fara daga ɓangaren Inna. Shi yana bi da tsumman sabulu, ita tana biye da na ruwa zalla, sannan busasshe. Man ya yi kauri, shafa ɗaya ba ta ɗauke shi. Tsumman farko ya yi baƙi ƙirin, abin da ya ba Mai Takalma mamaki ƙwarai, don shi a saninsa babu mota mai tsabtar tasa a unguwar.

"Daga ina wannan dattin?"

"Mai ai maganaɗisun ƙura ne. Kullum kana shafa sabo a kan na jiya."

Ya bi ramukan iska da buroshi, ya bi tsagin da ke tsakanin roba da roba. Ya wanke marikin ƙofa har ya daina santsi, ya goge sitiyari shi ma. A ƙarshe matarsa ta nuna masa cikin gilashin gaba, inda tururin feshin ya bar wani hazo da bai taɓa lura da shi ba. Da suka goge shi sai ka ce an cire gilashin.

Ya ja da baya ya duba. Dashbod ya koma baƙi mai sanyi, ba ƙyalli ko kaɗan. Fuskarsa ta nuna bai gamsu ba.

"Yanzu rana za ta cinye shi. Kin ga na Auta."

"To ka je ka tambayi mai kayan mota ko akwai mai kare roba ba tare da ya mayar da ita madubi ba."

Akwai kuwa, yana nan a kan kanta kusa da wanda ya saba saye. Mai shagon ya ce masu son ƙyalli sun fi yawa, shi ya sa ba ya tallarsa. Ya ce a ɗiga kaɗan a tsumma, kada a fesa a kan robar, kuma kada ya kusanci sitiyari. Mai Takalma ya haɗa da abin tare rana da ake shimfiɗawa a gilashi idan an ajiye mota. Ya dawo ya shafa man sama-sama, hannunsa na ƙaiƙayin ƙari, matarsa na tsaye a kansa har ya rufe kwalbar.

Ranar ganin likita ya isa gidan Inna da sassafe. Ya same ta a zaune tana shan shayi, ko mayafin fita ba ta ɗauko ba. Auta na gefe, wai ya zo duba famfo, famfon da lafiyarsa ƙalau.

"Na ce maka a bari sai wani mako, Babba."

"Na ji. Ba tafiya za mu yi ba. Ki zo ki zauna a ciki kawai, ko kunna ta ba zan yi ba. In ba ta yi miki ba, ni da kaina zan tsayar miki da motar haya."

Ta dube shi, ta dubi Auta da ke ta faman murɗa famfo yana ɓoye fuska. Ta ajiye kofi, ta ɗauki mayafi da jaka.

Da gangan ya ajiye motar tana kallon rana. Inna ta zauna, ta kai hannu ga mayafinta za ta ja shi kan fuska, sai ta dakata. Ta shaƙi iska. Ta sa yatsa ta shafa robar da ke gabanta, ta duba yatsan. Sannan ta ɗaga kai ta kalli titi, ta daɗe tana kallo.

"Yaushe aka yi wa gidan can fenti?"

"Ya kwana biyu, Inna."

"Shuɗi bai karɓe shi ba."

Mai Takalma ya sunkuyo ta taga. "Me ya hana ki gaya mini hasken na damun ki?"

"Na zo gidanka na tarar kana gogewa kana waƙa. Rabon da in ji ka kana waƙa tun kana 'yar makaranta. Sai in ce ka daina?"

"Da kin faɗa ai da na canja waƙa kawai."

"Shiga mu tafi, kada yaron nan likita ya ce na makara."

Auta ya fito da gudu da jakarsa, ya buɗe ƙofar baya ya faɗa.

"Kai kuma ina za ka?" in ji Inna.

"Rakiya."

"Ka sa ƙafarka a kan jakar, kada ka ɓata wa yayanka mota."

Suka hau titi. Ba su yi nisa ba Inna ta gyara zama ta fara aikin da ashe shi ne rabin daɗin tafiyarta. Ta ce Babba ya yi hankali da mai keken can. Ta ce ga rami a gaba. Ta ce wancan mai jar motar bai iya tuƙi ba, a bar shi ya wuce. Da suka zo mararraba ta ce ya bi dama.

"Inna, asibiti hagu ne."

"Na sani. Ta dama akwai masu sayar da shuke-shuke, ina so in ga ko sun kawo sababbi. A motar Auta ba na iya kallo, hankalina na kan ƙofa kada ta buɗe."

"Yau kuma Kunkuru ce abin zagi," in ji Auta daga baya.

Mai Takalma ya duba agogo, ya ga da sauran lokaci. Ya kunna sigina ya karya dama.