Yashi a Cikin Baƙin Mai

Tun da Yaya ya buɗe wa motar maigidana famfon gas don ta ƙara ƙarfi, na rasa kwanciyar hankali. Yayana bakanike ne, maigidana direban babbar mota. Da fari sai murna, mota na haye tudu da kaya ko nishi babu. Daga baya ta soma shan baƙin mai, maigida ya ce ai Yaya ne ya kashe masa inji. Magana ta yi tsami har suka daina gaisawa. Ni ce a tsakiya, wannan miji, wancan ɗan'uwa, abin ya ishe ni wallahi.

Wani direba ne ya ba shi shawarar ya kai tsohon man a auna. Ranar karɓar sakamako na yafa mayafi na bi shi, don in za a yanke wa Yayana hukunci, to a gabana za a yi.

Mai awon wata mace ce siririya da tabarau. Ta ajiye 'yar kwalbar man a kan tebur, baƙi ƙirin, ta juyo mana da allon kwamfuta.

"Malam, motarka takan daɗe a tsaye inji na aiki, ko?"

Maigida ya gyara zama. "Wajen lodi, eh."

"Ga toka ta nuna. Kuma ba da jimawa ba ka sauya irin man da kake zubawa."

Ikon Allah! Matar nan ko tayar motar ba ta taɓa gani ba, amma tana ba shi labarin tafiye-tafiyensa daga cikin cokali biyu na dattin mai. Ni da nake wanke masa kayan aiki ban san rabin wannan ba.

"To, famfon da aka buɗe fa?" in ji shi. Abin da ya kawo shi ke nan.

"Da buɗewar ta yi yawa, da na ga gas a cikin man. Babu. Wanda ya yi aikin nan hannunsa na da kyau." Ta nuna wani layi. "Damuwarka ga ta: yashi. Yana shiga ta hanyar iska yana goge ringin inji, shi ya sa take shan mai, ga garin ƙarfen ma. Yaya kake share filtar iska?"

"Buga ta nake a jikin taya, ƙurar ta zube." Muryarsa ta yi ƙasa. "Haka marigayi Babana yake yi."

"Kowane bugu yana yaga takardar ciki. Ka leƙa ta a rana. In ka sauya yanzu, injin zai rayu."

Muna isa gida ya kwance filtar ya ɗaga ta sama. Na sa ido ni ma. Haske na shigowa ta ƙananan huji barkatai, kamar rariya. Ya sauke ta a hankali, har ya ba ni tausayi.

Bai ko sha ruwa ba ya nufi gareji, ina biye. Yaya na kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Maigida ya durƙusa a cikin dattin nan da fararen kayansa, ya tura filtar ciki.

"Yaya, leƙa ka gani."

Can sai hannu ya fito, baƙi da mai. Na ɗauka sifanar kwance noti yake nema, har na juya zan miƙa masa. Ashe hannun maigidana ya kama.