Abin Wuyan Garwashi

Uwaisu da kansa ya lalata karensa, da babban yatsansa na dama, wata Laraba da hantsi. Ba wanda ya sa shi.

Sunan karen Garwashi. Ja ne, dogo, mai siririn ƙugu, kuma a ƙauyukan gabashin Bici ba karen da ya kai shi riƙo. Masu gudu suna da yawa. Amma Garwashi in ya cimma zomo danne shi yake yi, ba ya ci, ba ya yagawa, yana nan har ubangidansa ya iso da wuƙa ya yi bisimilla ya yanka. A ƙa'idar 'yan farauta kuwa nama na wanda karensa ya fara riƙewa ne, ko da wani ne ya koro shi tun daga Katsina. Shi ya sa Uwaisu ba ya dawowa da jaka wayam.

Matsalar ita ce babu sauran daji a wajensu. Gona ta haɗe da gona, gida yana hango gida. Da an gama girbi an kwashe amfani sai kowa ya kwance awakinsa da tumakinsa su shiga gonaki su ci abin da ya rage, kuma a daidai lokacin ne karnukan farauta suke ƙaiƙayin fita. A irin haka ne Garwashi ya sulale wata safiya ya karya wuyan ɗan akuyar Sha'aban, maƙwabcin gonar Uwaisu. An je gaban mai unguwa. Uwaisu bai musa ba, ya ba da ɗan akuya madadin wanda ya mutu. Mai unguwa ya ce in karen ya sake taɓa dabbar wani, mai dabba ya kashe shi, kada kuma Uwaisu ya zo masa da ƙara.

Sha'aban ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Gatarina ma na ba maƙeri ya wasa."

Uwaisu ya ɗaure Garwashi a gindin darbejiyar tsakar gida. Kare ya cinye igiya. Aka sa sarƙa, ya tona rami har ya fito da saiwa, ya wuni yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Uwaisu ma bai fi shi zama ba. Ya fita zaure, ya dawo, ya ɗauki gora ya ajiye, ya sake fita. Ga babbar farauta tana matsowa, wadda ake ɗaukar mota a tafi daji mai nisa, kare kuwa in ya daɗe a ɗaure ƙafarsa mutuwa take.

Matarsa Tahira tana tankaɗe ta ce, "Malam, ko kai ka zauna ko shi ya yi shiru. Ku biyu kun hana ni jin kiran salla."

Ya hau babur ya tafi Bici wajen Fatihu, taubashinsa, mai shagon wayoyi da fitilun sola. Fatihu ya taɓa yi masa zancen wani abin wuya da Turawa ke sa wa karnukansu, a lokacin Uwaisu ya ce masa ya je ya sa wa kansa.

"A'a, bawana ne da tsakar rana," in ji Fatihu. "An ce karenka ya koma mahauci. Ina rabona na kai da ƙafa?"

"Nuna min abin nan."

"Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Nuna min."

Fatihu ya jawo masa benci ya buɗe hotuna a waya. Iri biyu ne wanda zai iya sa wa a kawo daga Kano. Na farko ɗan ƙarami, ana sa masa layin waya, yana nuna inda kare yake, iyakarsa ke nan, kuma in an shiga inda ba sabis ya zama kwalliya. Na biyu da nasa rimot mai eriya, ba ruwansa da sabis. Yana nuna kare a matsayin ɗigo yana tafiya a kan taswira, yana ƙara a kunnen kare in an danna, sannan yana da wasu ƙarafa biyu da ke taɓa fatar wuya, in an danna jan maɓalli wuta ta ja shi.

"Ni da za ka ji tawa," in ji Fatihu, "ka ɗauki ƙaramin, ka riƙa sakin karen kana biye da shi. Ai kai ma tumbin nan yana son gudu."

"In na ga inda yake, sai me? In tsaya ina kallonsa a waya yana cin akuya?"

"To mai wutar ba a sa shi yau a fita yau. Wanda ke sayarwa ya ce sai an yi ta koya wa kare a tsakar gida, da doguwar igiya, a fara da ƙara, wutar kuma kaɗan-kaɗan, har ya gane me ake nufi. Abin makonni ne."

"Turawa ne ke da makonni. Kawo mai wutar."

Uwaisu ya kai wake kasuwa ya sayar, aka kawo kaya. Ranar da ya je karɓa Fatihu ya ɗora masa ƙarafan a damtse ya danna a mataki na ƙasa. Uwaisu ya yi tsaki ya ce wannan ai cizon sauro ne, Garwashi da ya sha ƙayar aduwa ba zai san ana yi ba. Ya karɓi rimot ya murɗa har inda ya ƙare.

"Gwada wannan a wuyanka mu gani," in ji Fatihu.

"Ni na kashe akuya?"

"Wallahi ka mayar da shi ƙasa, Uwaisu. Ba wasa nake ba yanzu."

Uwaisu ya ce to, ya jefa a aljihu yadda yake.

Koyarwar da ya yi ba ta wuce ta yini guda ba. Ya danna ƙara, kare ya karkata kunne ya dube shi, Uwaisu ya ce ai ya gane. Washegari Laraba ya kwance sarƙa suka fita bayan gari. Garwashi ya yi 'yan shinshine-shinshine a bakin hanya, sai kawai ya miƙe kamar an harba shi, ya tsallake shingen kara ya ɓace.

Uwaisu ya ciro rimot. Ga ɗigo nan yana gudu, ya yi arewa, ya karya ya yi gabas, ya sake karyawa. Uwaisu ya bi da sassarfa, ido a kan gilashi, tushiyar dawa tana sukar ƙafarsa. Ɗigo ya wuce kukar da ke kan iyaka. Bayan kukar nan gonar Sha'aban ce, kuma tun da safe ya ga yaran gidan sun kora awaki can.

Sai ɗigo ya tsaya cak.

Uwaisu ya ji kukan akuya daga wajen. Ya ƙwalla kiran sunan kare, shiru. Ya danna ƙara, ɗigo bai motsa ba. Ya sake dannawa, ya yi fito, yana gudu yana haki, shinge ya tare shi bai ga komai ba sai kan kuka. Abin da yake gani a ransa gatari ne, da jan karensa kwance a kunyar gona. Ya ɗora yatsa a jan maɓalli ya danna, bai ɗaga ba.

Ihun da ya ji bai taɓa jin kare ya yi irinsa ba. Ya saki, ya ga ɗigo yana jujjuyawa wuri ɗaya, tsoro ya sa ya sake dannawa.

Da ya keta shinge ya faɗa gonar, awaki suna can ƙarshe suna cin ganyen wake abinsu, ɗaya ce kawai ke kiran ɗanta. Sha'aban yana tsaye da damin kara a gabansa, igiya a hannu, ba gatari ba komai. A ƙasa ga gashin zomo tuli, ga sawun inda ya tashi ya gudu. Garwashi yana gindin kuka a maƙure, ya yi fitsari a jikinsa, ƙafafunsa suna rawa.

"Zomo ya danne maka," in ji Sha'aban. "Ƙato. Ina kallo, ko waiwayar awakina bai yi ba, kai yake jira. Sai na ga ya yi sama ya faɗo. Me ka yi masa?"

Uwaisu ya durƙusa ya kwance abin wuyan, kare yana kawar da kai daga hannunsa.

Ya ɗauka abin kwana biyu ne. Ya ba shi romo, ya ba shi hanta, ya bar shi ya huta. Ya kai shi ramin gafiya ya tona masa, gafiya ta fito ta gaban hancinsa. Garwashi ya bi ta da gudunsa na da, ya cim mata, ya buɗe baki, sai ya ja birki ya runtse ido yana jiran abin da zai sauko masa. Gafiya ta shige wani ramin. Uwaisu ya ɗaura fatar zomo a igiya yana ja a tsakar gida, yana lallashi, yana zagi, yana sake lallashi, har Tahira ta daina yi masa tsiya ta koma ɗaki.

Duk da haka ya sa shi a motar babbar farauta. A dajin Garwashi ne ya tayar da gada, shi ya bi ta ya raba ta da sauran karnuka, shi ya kai ta ƙasa da ƙirji a bakin wani rafi, mutane suna gani. Ya tsaya a kanta yana rawar jiki, bakinsa a rufe. Wani baƙin kare mai ɗingishi na mutanen Gezawa ya iso daga baya ya kama wuya. Mai shi ya zo ya yanka. Ba wanda ya yi gardama, Uwaisu ma bai yi ba.

Kafin damina ya kai Garwashi Dawanau, wajen wani mai ɗakin ajiyar hatsi da ke neman kare mai haushi. Aka ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a bakin ƙofar ƙarfe. Uwaisu yana zuwa farauta har yanzu, da gora kawai, cikin masu kaɗa ciyawa su koro wa karnukan wasu, in an gama rabo a miƙo masa abin da aka ga dama.