Matakala Talatin da Shida

Tsakanin ƙofar ɗakin Tela da ƙofar titi matakala talatin da shida ce. Shekara ashirin yana sauka yana hawa bai taɓa ƙirga su ba, sai da annoba ta zo aka kulle gari, autarsa kuma ta kulle shi da gata.

Gata kam ya sha shi. Auta ta zo da takunkumi a fuska, ta jawo kujerarsa gaban taga, ta ajiye masa rediyo a dama, filas ɗin shayi a hagu, maganin hawan jini a inda hannu zai kai. Tsohon keken ɗinkinsa na ƙafa, wanda ya ci da su ya tufatar da su shekara hamsin, ta lulluɓe shi da zanen gado, ta ɗora masa tukunyar shukar fulawa a ka.

"Baba, ka huta kawai," ta ce. "Ko allura ce ta faɗi, ka kira ni."

Wata biyar aka yi a haka, kuma cutar ba ta ko leƙo shi ba. Amma zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Wata safiya ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba, sai da ya dafa tebur da hannu biyu. Ya ɗaga wando ya dubi ƙwaurinsa, ya ga sun tsotse kamar na ɗan tsako. Bayan mako guda ya faɗi a ƙofar banɗaki, goshi ya yi ƙulu. Likita ya gaya wa Auta ta waya cewa naman ƙafa ne ya zube saboda rashin motsi, kuma tsofaffi da yawa sun faɗa wannan hali a kullen nan.

Auta ta yanke magana daga bakin ƙofa: ƙarshen wata, da an sassauta doka, za ta kwashe shi zuwa gidanta, can ɗaya gefen gari, inda babu bene.

"Ba inda za ni. A ɗakin nan uwarki ta cika."

"To, in gobara ta tashi wa zai sauko da kai? Shi ke nan, Baba. Ranar da na zo, ka sauka ka hawo da ƙafarka, na bar ka. In ka kasa, ka shiga mota ba musu."

Ya amsa da ƙarfin hali, amma tana tafiya tsoro ya kama shi sosai.

Akwai abin da bai gaya mata ba, wanda ya fi riƙe shi a gidan. Ƙofar da ke kallon tasa ta wata tsohuwa ce da kowa ke kira Ƙararrawa, don ta yi shekara talatin tana sanar da isowar jirage a tashar jirgin ƙasa, kuma da ta bar aiki ba ta bar muryar a can ba. A da, in tana faɗa da mai kwasar shara, har mutanen hawan ƙasa sukan rage rediyo su saurara. Tela yakan ce ta hana shi sakat, amma da muryar nan yake sanin gari ya waye. Sai yanzu ya tuna rabon da ya ji ta an yi watanni.

Washegari aka ƙwanƙwasa. Ya ja jiki ya buɗe, ya tarar da koriyar riga rataye a mariƙin ƙofa, Ƙararrawa na tsaye nesa da shi taku huɗu. Ta rame, murya ta dishe.

"Tela… hannun… abin nan." Ta tsaya tana laluben kalmar. "Riga. Hannun riga ya farke."

Abin ya sosa masa rai, matar da ta haddace sunayen tashoshi arba'in yau tana neman sunan riga. Ya kai rigar gaban taga ya duba. Ɗinkin da ya farke don tsufa zare yakan tsinke barkatai, ya ja yadi. Wannan kuwa an bi shi da reza ɗaya bayan ɗaya, tsaf, ko ƙwarzane babu. Wato ta ji maganarsa da Auta ta bango, ta samo masa dalilin taka keke. Ya yi murmushi, ya sauke tukunyar fulawa ya yaye zanen gado.

Ranar farko keken ya raina shi. Ya taka, ya taka, ko minti ɗaya bai cika ba cinyoyi suka ɗauki rawa. Hannun rigar da a da yakan gama kafin shayi ya huce, sai da ya kai shi la'asar.

Kwana biyu, sai ga rigar ta dawo, hannu a farke.

"Ɗinkinka ba ƙwari," in ji Ƙararrawa. "Tsufa ya kama ka."

"Ni? Baiwar Allah, ko dai dambe kike yi da rigar nan a ɗaki?"

"Da ubanwa zan yi dambe, kowa ya ɓuya kamar ɓera?"

Ya lura wannan karon maganar ta fito a jere. Daga nan aiki ya samu. Rigar ta zo ta koma, labule ya biyo baya, zanen gado ma ya zo da kalmasarsa a warware daga kai har gindi. Ita tana farkewa, shi yana takawa, kowace safiya kuma sai sun yi cacar baki daga ƙofa zuwa ƙofa. A mako na biyu ya tashi daga kujera bai dafa komai ba. Ya fara gwada matakala: uku, sannan takwas, sannan sha biyu. Ita kuma ta tsaya a sama tana riƙe da ƙugu.

"Jirgin hawa na uku ya iso matakala ta goma sha biyu," take cewa, "a makare kamar kullum!"

Ranar alkawari Auta ta zo da mota da kwalaye uku na zuba kaya. Tela ya sa hularsa ya kama ƙarfen bene. Saukowa ta zo da sauƙi, har ya leƙa titi ya gaisa da mai kanti. Hawan ne aiki. A matakala ta talatin gwiwar hagu ta lanƙwashe, numfashi ya tsaya masa a wuya. Auta ta miƙo hannu.

"Bar ni," ya ce.

"Fasinjoji a matsa baya!" Muryar ta sauko daga sama, cikakkiya, irin ta da. "Saura tasha shida, kuma direban nan ya fi shekarunsa taurin kai!"

Dariya ta kusa kayar da shi, amma ya ɗaga ƙafa. Ya ƙirga shidan nan ɗaya bayan ɗaya har ya dafa ƙofarsa. Auta ta zauna a kan matakala tana kuka tana dariya.

"Baba, ashe ni na kusa nakasa ka."

"Ke kin tsare ni daga cuta, 'yar nan. Hutun ne dai ya yi yawa."

Ta mayar da kwalayenta mota babu komai a ciki. Tukunyar fulawa kuma ta koma bakin taga.

Tela ya ji daɗi ƙwarai, sai dai daɗin bai cika ba. Kwana uku ba a ƙwanƙwasa ba. Dabara ta yi aikinta, Ƙararrawa ba ta da sauran dalilin zuwa, bayan bango kuma ya sake yin tsit. Ya san inda shirun nan yake kai mutum, don ya gani da idonsa.

Koriyar rigar tana wurinsa tun zuwanta na goma sha ɗaya. Ya shimfiɗa ta a kan keke, ya daɗe yana kallonta. Shekara hamsin ba a taɓa dawo masa da aiki don kuskurensa ba, kuma da wannan yake taƙama. Ya kama bakin hannun dama, ya haɗe shi, ya bi shi da ɗinki biyu har ko yatsa ba zai wuce ba. Ya je ya rataye ta a ƙofarta, ya ƙwanƙwasa, ya dawo ya bar tasa a buɗe.

Ba a yi minti biyar ba ginin ya ɗauka da muryarta.

"Tela! Wane makahon ne ya koya maka ɗinki? Ta ina zan fitar da hannu?"

A hawan ƙasa wani ya rage rediyo. Tela ya tashi, ba tare da ya dafa komai ba, ya ɗauko kujera ya ajiye mata a bakin ƙofa.

"Zauna ki yi mini bayani dalla-dalla," ya ce. "Kin san tsufa ya kama ni."